Sabon Makewayin Baba

Daga Malumfashi har Funtua, in ana zancen 'ya'yan da suka iya kula da iyaye, ni ake fara kira, sannan a huta, a sha ruwa, kafin a nemo na biyu. Haka nake faɗa a majalisarmu ta bakin kasuwa, kuma ba a taɓa musa mini ba, don ba na barin kowa ya buɗe baki.

Shekarar da gwiwoyin Baba suka ƙi tsuguno mun ga tashin hankali. Da damina ya zame a bakin masai, muka ɗauko shi goshi na jini. Likita ya ce in ya sake faɗuwa ƙugu ne zai tafi, kuma ƙugun tsoho ba ya ɗoruwa. Ana haka sai ga labari, wai gwamnati ta kawo tallafin gyara wa tsofaffi muhalli: a kafa musu ƙarfen dafawa a bango, a baje dokin ƙofa, a sa masai na zama. Na dinga sintiri zuwa ofishin ƙaramar hukuma a Kafur har babur ɗina ya koma zuwa shi kaɗai. Allah ya taimaka gidanmu ya shiga.

Muka kai Baba Gozaki wajen ƙanwarsa kafin a gama aiki, ni kuwa na naɗa kaina injiniya. Da maginin da aka turo, wani baƙo, ya tambaye ni yadda za a dasa kujerar masan, na ce, "Juya ta ta kalli taga! Tsoho ya zauna yana kallon dawarsa, hantsi na dukan fuskarsa. Ko gwamna albarka." Aka dasa, aka zuba siminti kamar ana gina gada.

Ran da Baba zai dawo na gayyato maƙwabta har da limamin unguwa, na sa aka dama fura. Baba ya shafa ƙarfen bango, ya gyaɗa kai. Ya karɓi butarsa ya shiga. Ban gama gyara hula ba sai ga shi ya fito, fuska kamar an aiko masa da rasuwa.

"Wa ya dasa wannan abin?"

Shi Baba bai taɓa kiran sunana ba, ni ne ɗan fari. Na turo ƙirji na ce, "Ni na tsaya a kai, Baba."

Ya ce, "Inna lillahi." Liman ya leƙa, ya ja da baya yana salati. Na ɗauka maciji ne, har na fara neman sanda.

Liman ya ce, "Alhaji, ai alƙibla take kallo."

Wallahi ji na yi ƙasar tsakar gidan ta yi sama, ni na yi ƙasa. Abin da ake koya wa yaro tun bai iya ɗaura wando ba! A tsohon masai mutum ke zaɓar inda zai juya, wannan kuwa na zaɓa wa Baba, na kuma liƙe da siminti. Masu shan fura suka ajiye ludayi. Wani tsoho ya ce, "A'a, a gidan Malam?"

Na lallaɓa na ce, "Baba, ko za ka riƙa zama a kaikaice?"

"A kaikaice? Da wane ƙugun?"

Ya ɗauki sandarsa ya nufi tsohon masai. An kwana ana ruwa, hanyar duk gansakuka. Sai na ga ƙafarsa ta taka santsin nan. Na zabura da babbar riga na tallafe shi, ina yi wa ƙanena ihu ya hau babur ya nemo magini da guduma, ko a masallaci yake a fito da shi.

Muna tafe, ina riƙe da damtsensa, ina rantsuwar kafin magariba an farfasa an juya ta kudu, kuma ni da kaina zan tsaya a kai. Baba ya dakata, ya dube ni daga hula har takalmi.

"Kai dai kar ka tsaya. Ka aika a kira Liman ya nuna musu kudun. Ni yanzu sallolinka ma nake tunani, ko ina kake duba."