Gonar da ta tafi makarantar jinya

Karatuna bai wuce aji biyu na sakandare ba, kuma ba na jin kunyar faɗa. Abu biyu na iya a duniya, noman shinkafa da tuƙin keke mai ƙafa uku. Keken na wani ne, ina ɗaukar fasinja daga Gwadangaji zuwa cikin gari in kai masa balas, wato kasonsa na yini, da yamma. Gonar kuwa tawa ce, fadama ce a Gulma, ita kaɗai mahaifina ya bar mini, kuma daga cikinta gidana yake cin tuwo.

Ranar da babbar ɗiyata ta shigo da takardar ɗaukarta a makarantar koyon aikin jinya ta nan Birnin Kebbi, uwarta ta rangaɗa guɗa, ni kuma na tambayi kuɗin. Da aka faɗa mini sai na nemi tabarma na zauna.

Aka kira yayana, wanda ya yi masinja a ofis har ya yi ritaya, don haka a danginmu shi ne masanin harkar gwamnati. Ya zo ya sha fura ya goge baki, sannan ya fara auna mana ribar karatun. Bai auna da albashi ba, don bai san albashin ba. Da wata nas ta unguwar Nasarawa ya auna.

"Kai ba ka ganin matar nan?" in ji shi. "Mota gare ta, gidan sama gare ta, ta tahi Makka ta dawo ta koma. Duk wanga abu allura ce. Ɗiyarka ta fara aiki, shekara guda ka aje keken nan."

Na ce, "Yaya, kai ka taɓa ganin albashinta?"

Ya ce, "Mi za ni yi da albashinta, ga mota ina gani?"

Sai bayan shekaru na gano mijin matar ɗan kwangilar taki ne, ita kuma atamfa take sayar wa abokan aikinta bashi. Amma a ranar babu wanda ya tambayi inda motar ta fito, har ni. Uwar yarinya tana kallona, yarinya tana kallon ƙasa, ni kuma ina kallon motar wata mata da ban taɓa shiga ba.

Saura inda za a samo kuɗi. Banki sun ce in kawo ma'aikacin gwamnati ya tsaya mini, kuma akwai ruwa a kai. Yayana ya ce ruwa haramun ne, a yi jingina kamar yadda iyayenmu suka yi. Jingina ita ce ka karɓi kuɗin mutum ka ba shi gonarka ya riƙa nomawa, ranar da ka mayar masa da kuɗinsa cif ya mayar maka da gonarka. Babu ko kwabo a kai. Wai wannan shi ne babu ruwa. Mutum ya kwashe amfanin gonarka shekara bayan shekara, amma tunda ba a kira shi ruwa ba, kowa ya kwana da alwalarsa.

Wani Alhaji mai sayen shinkafa a Argungu ya ba da kuɗin a gaban maigarinmu. Sharaɗi ɗaya aka gindaya, wanda kowa ya sani tun kaka da kakanni: ba a fansar gona da shukar mutum a cikinta, sai ya girbe ta zama fili. Na ce na yarda. A zamanin mahaifina gona takan yi rabin shekara awaki na kiwo a cikinta. Ban kawo injin ban ruwa a raina ba.

Yarinya ta fara karatu, ni na fara nawa. Na koyi cewa kuɗin makaranta ƙofa ce kawai, ɗakin yana ciki. Farin kaya, farin takalmi, agogon da ake maƙalawa a ƙirji, takardun da malami ke bugawa ya ce in ba ka saya ba kada ka shiga jarrabawarsa. Da aka tura su asibiti koyon aiki, har safar hannu ni nake saya. Na ce mata, "Ke za ki yi musu aiki, ni zan biya?" Ta ce, "Baba, haka kowa ke yi." Na fara awon shinkafa a kasuwa da kwano, ni da na saba cika rumbu. Wani lokaci in ɗebo ta a tafin hannu in duba ƙwayar, in ce wannan ta yi kama da tawa.

Mutanen Gulma kuwa tun tana ajin farko suka naɗa ta likita. Duk mai ciwon baya ko hawan jini sai ya hau mota ya sauka gidana, ya ce ya zo Likita ta duba shi. Ta gwada shi ta ce ya je asibiti, ya ce ai ya zo gida, mi zai kai shi asibiti. Ya kwana, ya ci shinkafar awo, da safe in kai shi tasha a kekena kyauta. Wannan ita ce ribar farko da karatun ya kawo, kuma dangi ne suka ci ta.

Ta gama, ta ci jarrabawa, ba aiki. Ta yi aikin sa kai, wato ka yi aiki a gode maka. Ta yi wani asibitin kuɗi inda albashin yake ƙarewa a kuɗin mota. Da ƙyar aka ɗauke ta aikin gwamnati. Ranar da ta faɗa mini abin da ake biyanta na kama lissafi, don a lokacin shinkafa ta yi tsada, kuma na san abin da Alhaji yake kwasa a fadamata a girbi ɗaya ya ninka abin da ya ba ni. Na je na gaya wa yayana. Ya ce in yi haƙuri, nas ba ta yin mota sai ta tsufa.

Yarinyar dai ba ta yi wasa ba. Ta shiga adashi da abokan aikinta, ta hana kanta sabon zane, da kwasarta ta zo ta kawo mini kuɗin jinginar a leda. Na hau mota zuwa Argungu ina jin kamar ƙafata ba ta taɓa ƙasa.

A nan na ga abin da ban taɓa gani ba, mai bin bashi yana gudun wanda yake bi. Yau a ce ya tafi kasuwa, gobe a ce yana barci. Ranar da na ritsa shi a shagonsa ya tarbe ni da lemo.

"Haba, Malam, wa yam matsa maka?" in ji shi. "Riƙe kuɗinka ka yi hidimar gida. Ni da kai ai ɗaya muke."

Na ce, "Alhaji, in ɗaya muke ka karɓi naka ka ba ni tawa."

Ya ce, "Da gona fili ce da yanzu ka tahi da ita. Amma shuka na ciki. Ka bari a girbe."

Aka girbe ta damina, na koma. Ashe tun kafin a yanke shinkafar ya sa an yafa irin noman rani a kusurwar gonar, wuri bai fi faɗin tabarma ba. Ya ce ga shuka nan. Aka girbe ta rani, na tarar da irin damina a ɗaya kusurwar. Injin ban ruwa na aiki, gona ba ta taɓa zama fili ba, kuma mutumin bai karya sharaɗi ko sau ɗaya ba. Har gaisuwa yake aiko mini da ita.

Da abin ya ishe ni, ɗiyata ta ɗauki hutu muka tafi wurin maigari tare da yayana, aka kira Alhaji. Maigari ya saurari kowa, ya ce irin da ba a dasa ba bai zama shuka ba, a biya Alhaji kuɗin irinsa da na wahalarsa ya bar gona. Alhaji ya sa wa tabarmar irin nan kuɗi kamar da zinariya ya yafa ta. Yarinya ta buɗe jaka ta biya. Na miƙa ledar jingina, aka ƙirga, ya karɓa yana ɓata rai kamar an yi masa sata.

Ina shirin yin godiya sai maigari ya ce, "Kuɗin nan na wa ne?"

Na ce, "Ranka shi daɗe, na ɗiyata ne."

Ya ce, "To ita ta fanshi gona. Tana hannunta har ran da ka biya ta."

Na juya wurin yayana, na ga yana gyaɗa kai, wai haka al'ada take. Na juya wurin yarinya ina jiran ta ce haba, ai ta Baba ce. Ta gyara mayafinta ta ce ta gode.

A mota muna dawowa ta ce, "Baba, kada ka damu. Kai za ka riƙa nomawa, in an girbe mu raba."

Na ce, "Taki da man inji fa?"

Ta ce, "Ni ma ina da sauran zubin adashi a kaina. A cire a rabonka tukuna."

Yanzu haka nake noma gonar mahaifina a rabo. Ba ta matsa mini in biya, kuma ta fi Alhaji adalci, wannan ba zan ɓoye ba. Ranar da ba ta da aiki takan zo Gulma ta tsaya a kan kunya inda babu laka, ta gaishe ni da ladabi, ta tambayi lafiyar bayana, sannan ta tambayi buhu nawa nake sa ran samu bana.