Kwaɗo a Tankin Malam Yusha'u

Malam Yusha'u mutumin Bilbis ne. Shekararsa ashirin da biyu yana jan mota tsakanin Gusau da Tsafe, kuma wajen tsimin mai ko tsohuwa mai tsimin daddawa sai ta sara masa. Ya hango gangara, ya zare giya. An tsaya shingen bincike, ya kashe inji. Fasinja ya ce a ƙara wuta, ya ce, "Kai ka sayo man?" Amana kuwa ba a magana. Matan Tsafe shi suke ba saƙo, daga ƙullin magani har awarwaron amarya, ko allura ba ta taɓa ɓata ba.

Motar ba tasa ba ce. Ta Alhaji Mannir ce, mai sayar da hatsi a Bungudu, irin mutanen nan da in ƙuda ya tashi daga buhunsu sai sun duba ƙafarsa.

Bara wata 'yar fitila ruwan ɗorawa ta kama a gaban sitiyari. Yusha'u ya je ya faɗa. Alhaji ya leƙa, ya yago baƙin salatif ya liƙe ta. "Ga ta nan ta mutu. Wace mota a ƙasar ga ba ta da wagga wuta?"

Daga nan mota ta buɗe maƙogwaro. Man sawu huɗu da ƙyar ya yi uku, salansa ta yi baƙi ƙirin, a zamanin da ake sayen fetur kamar turare.

Alhaji bai nemi makanike ba, mai walda ya nema. Aka danna wa murfin tanki kwaɗo, makulli a aljihun Alhaji. To ka ji hikima: duk ranar shan mai sai Yusha'u ya baro hanyar Tsafe, ya ratsa Gusau, ya je Bungudu a buɗe masa. Man da ake gadi shi ake ƙonawa a hanyar zuwa wurin mai gadi. Wata biyu ana haka, mota ba ta rage ko kurɓi ba.

Kwaɗo kuwa ba ya ɓuya. "Malam, yau an zuƙa ko ana azumi?" in ji wani ɗan kamasho a tasha. Suka laƙaba masa suna Tiyo, wato robar zuƙe mai daga tanki. Mutum da furfurarsa! Abin da ya ƙona masa rai, wata tsohuwa da ta shekara goma tana ba shi saƙon ɗiyarta ta zo, ta dubi kwaɗon, ta gaishe shi da kyau, ta wuce mota ta gaba.

Ranar bai yi lodi ba. Ya kai motar wurin Khalid mai gyaran wutar mota a Gusau, wanda ke da na'urar da ake jona wa mota ta faɗi ciwonta. Khalid ya ɓare salatif, ya jona, ya tuntsire da dariya. Ya shiga ƙarƙashi ya kwanto wani ɗan ƙarfe mai jela daga jikin salansa.

"Baba, ga ɓarawonka. Sensa ce. Ita ke shinshinar hayaƙi ta gaya wa ƙwaƙwalwar mota ko man ya isa. Ta mutu, shi ya sa ake ta tuttula mai a makance."

Yusha'u ya sayar da tunkiyarsa ya sayi sabuwa. Cikin mako guda mai ya koma sawu huɗu. Ya naɗe matacciyar a tsumma ya kai wa Alhaji, ya roƙi abu ɗaya: ya zo tasha ya wanke shi da bakinsa.

Alhaji ya jujjuya ta a tafin hannu. "Wanga ɗan ƙarhe shi ka shan mai? Malam Yusha'u, mu ji tsoron Allah. Kwaɗo dai ya yi aiki."

Jama'a, ku ji zalunci! Mota ta sha, shi ne ɓarawo. Ta daina sha, ɓarawo ya tuba.

Yusha'u bai yi hayaniya ba, ya karɓi matacciyar ya fita. Washegari da hantsi ya ɗauko Khalid har tasha, gaban shugaban direbobi da kowa da kowa, ya sa aka kwance sabuwar aka mayar da matacciyar. "Ku shaida. Wagga tawa ce, tunkiyata ce. Waccan tashi ce." Ya ajiye makullin mota a kan benci.

Alhaji ya ba ƙanin matarsa, Sule, motar da kwaɗonta. Sawu uku, da ƙyar da jiɓin goshi. Bayan mako biyu ya aiko a tambayi nawa Yusha'u zai sayar da sensar.

"Ku ce mashi ba ta kuɗi ba ce. Shi zo nan inda anka ɓata ni, shi faɗa da ƙarfi, 'yan kamasho su ji."

Wata huɗu ke nan. Yusha'u sai ranar da wani direba ya kwanta ciwo yake samun sitiyari. Alhaji kuwa har yau bai zo ba. Ya gwammace mota ta kwankwaɗe masa ribar gero da ya buɗe baki ya ce bawan Allah bai yi sata ba.