Baba Datong da Ruwan da Ya Ɓace a Gefen Layi

Ƙarfe shida na safe Baba Datong yake hawa layin dogo daga Bukuru, guduma mai doguwar ƙota a kafaɗa, jar tuta a naɗe a hammata. Aikinsa tafiya ce. Yana bin layi a ƙafa, yana ƙwanƙwasa ƙarfe yana saurare, inda ƙusa ta yi sako-sako ya ɗaure ta. Shekara talatin da ɗaya ke nan. Har a shekarun da jirgi ya daina zuwa, mata suna shanya tattasai a kan layin, bai fasa ba. Mutane suna tsokanarsa da mai gadin jirgin da ba ya zuwa, shi ko a jikinsa.

Da aka tashi gyaran layin domin jigilar ma'aikata da 'yan kasuwa zuwa cikin Jos, kamfanin da ya samu kwangila ya zo da injiniyoyi da na'urorin awo masu ƙyalli. Aka canza ƙarafa, aka zuba sabuwar tsakuwa. Baba kuwa aka bar masa riƙon tuta, wai don girmama shekarunsa.

Ranar gwajin jirgi ta faɗo cikin watan Agusta, bayan an kwana uku ana sheƙa ruwa. Ina cikin tarago na biyu da sunan wakilin malaman makaranta na Daɗin Kowa, mu fasinjoji kusan ɗari biyu har da mata masu goyo. Mun wuce Bukuru kaɗan sai direba ya taka birki da ƙarfi, muka hantsila kan juna. Na leƙa ta taga. Ga tsoho tsaye a tsakiyar layi, ya ɗaga jar tuta da hannu biyu, kan jirgi ya tsaya bai fi taku goma daga gare shi ba.

Injiniya Mahdi, wanda aikin ke hannunsa, ya diro ransa a ɓace.

"Baba, lafiya? Ka san su waye a cikin jirgin nan?"

"Oga, na sani. Jirgi ba zai wuce nan ba."

"Shekaranjiya muka auna wurin nan da na'ura. Daidai yake."

"Na'ura ya auna ƙarfe, oga. Ni ƙasa nake magana." Ya nuna wani ɗan kwari a gefen layi. "Nan kullum in an yi ruwa, yana kwanta sati guda. Jiya da yamma ya kai mini gwiwa. Yau babu. Ina ya tafi?"

Duk muka duba. Taɓo ne kawai. Ni dai ban ga abin tsayar da jirgi a kansa ba, kuma ba zan ɓoye ba, ina cikin waɗanda suka fara surutu ta taga. Da bakina na ce a janye tsohon nan rana tana yi. Har yau in na tuna kunya nake ji.

Saura mako shida Baba ya yi ritaya, kuma injiniya ya tuna masa a gaban kowa cewa wanda ya tare jirgin gwaji ba bisa ƙa'ida ba, takardar kora ce ke jiransa. 'Yan sanda biyu suka matso. Baba bai gusa daga tsakiyar layi ba.

"A ba ni rodi guda ɗaya," in ji shi. "In ƙarya nake, ku tafi da ni."

Aka ciro rodi mai tsawon mutum biyu daga taragon kaya. Ya kafa shi dab da tsakuwar layi, ya fara bugawa. Rodi yana shiga da ƙyar, kamu ɗaya, kamu biyu, jama'a sun fara dariya. Ya sake bugawa, sai rodin ya suɓuce daga hannunsa, ya zurma gaba ɗaya. Ba mu ji saukarsa ba.

Wata mata kusa da ni ta kwance goyonta ta rungume shi a ƙirji. Injiniya Mahdi ya tsuguna ya daɗe yana kallon ramin, sannan ya ce wa direba a hankali ya koma da baya.

Da aka tona washegari, tsohuwar hanyar masu haƙar kuza aka tarar ta ratsa ƙarƙashin layin, irin ramukan haƙar hannu da ake kira loto, waɗanda ba su cikin taswirar kowa. Ruwa ya cinye rufinta, saura ɗan ɓawon ƙasa ke riƙe da ƙarfen. Injiniyan, a yaba masa, da kansa ya je Kabong har gida ya ba Baba haƙuri. Amma ranar da aka buɗe layin, an ambaci sunaye da yawa a lasifika, ban ji nasa ba.

Shi ya sa nake faɗa yau. Baba Datong, kai ne ka tsaya a gaban jirgi muna zaginka. Kai ne ka ɗauki ɓatan ruwa a kwari da muhimmanci, mu masu takardu muna yi maka dariya. Mun gode, ka kuma yafe mana. Ku matasan da za ku gaji layin nan, ku riƙe na'urarku, amma ku riƙa sauka kuna takawa da ƙafa, kuma in kun ga abin da bai kwanta muku ba ku faɗa ko da oga zai ɓata rai.

Makon jiya na je gaishe shi, na tambaye shi me zai faru da rodin nan bai zurma ba.

"Da an kore ni," ya ce. "Amma malam, ko a hakan da ku duka kun koma gida lafiya."