Gonar Malam ta cikin salula

Mijina yana da gona biyu. Ɗaya tana bayan gari a hanyar Gidan Sori, gero da wake. Ɗayar tana cikin salularsa, kuma ita ta fi samun gata. Wasa ne na intanet: ka shuka, ka girbe, ka kiwata shanun da ba sa kashi, ka gina rumbu. Mutum da gemunsa, mai fataucin wake har ƙetaren iyaka, ya dawo daga kasuwa ko ƙafa bai wanke ba, sai ya zauna a gindin itacen bedi yana shafa gilashi.

"Malam, haki ya cinye gonar gaske, kai kana ban ruwa ga ta ƙarya!"

"Wagga ba ta san fari ba," in ji shi. "Kuma ba ta mita."

Ni mai mita ce, ban musa ba. A lakol ɗin da nake koyarwa ma an san ni da haka. Wata rana ya miƙo mini salular yana danne dariya. Ya haƙa rijiya a cikin wasan, ya kafa mata allo, ya rubuta: Rijiyar Sarauniyar Mita. Na yi kwana biyu ina fushi, amma a raina na ji daɗi.

Da layin Najeriya ya buɗe wasan, kamar yadda duk 'yan wasan yankinmu suke yi. Akwai wata zinariya ta wasa da ake saye don gini, kuma kamfanin ya yi wa kowace ƙasa nata farashi. A can da naira tana da sauƙi, a nan da sefa sai ka ce ta gaske ce. Kowa ya san dabarar, ba mai faɗa.

Zazzaɓi ya ɗauke shi ana tsakar yankan gero. Da aka zo rabon gado na roƙi a sa salular a cikin rabona. Na cire layinsa na jefa a gwangwanin allurai, na sa nawa, ban sake bi ta kansa ba.

Sai bayan na fita takaba da daɗewa na iya taɓa wasan. Ya buɗe kai tsaye. Masararsa ta nuna tana jira, shanu na tsaye inda ya bar su, ga allon nan a bakin rijiya. Na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Daga nan na zama manomiyar ƙarya. In an tashi daga lakol sai in hau tudun da ake samun rezo, inda waya ke kamawa, in girbe, in shuka abin da ya saba shukawa. Ko shinge ban gusar ba.

Abu ɗaya ya tsaya mini a rai: ya bar wani rumbu rabi, ba rufi. Na ƙudura sai na ƙarasa masa. Ranar kasuwar Cadakori na je wurin mai rumfar da ke sayar da katin waya da zinariyar wasanni. Da ya faɗi kuɗin sai da na ce ya sake faɗa.

"Malama, haka yake nan wajenmu. Ki bari in wani za ya ƙetara, shi sawo miki. In ko kin saya, ki yi kurum."

Ai ni kurum ba halina ba ne. Na dawo gida raina na tafasa, na nemo inda ake kai wa kamfanin kuka, na zuba Faransancina. Na ce wane irin zalunci ne wannan? Garinmu da Katsina gero ɗaya muke ci, mu ne ma muka fi talauci, amma mu ake tsawwala wa. Na ce mijina a Nijar yake zaune, dole ta sa ya buɗe wasan da layin Najeriya, kuma kowa haka yake yi. Har na karanta wa abokiyar aikina, ta ce na iya magana.

Bayan kwana uku suka amsa. Sun gode da bayanina. Tunda ƙasar da aka rubuta ba ita ce ƙasar mai wasan ba, sun rufe gonar har mai ita ya tabbatar da kansa, za su tura lambar sirri ga layin da aka yi rajista da shi.

Na zazzage gwangwanin allurai, na sa layin. Ya mutu tuntuni.

Na rubuta musu cewa mai gonar ya rasu. Na hau babur har ofishin magajin gari na karɓo takardar mutuwa, na ɗauki hotonta na tura. Amsa ta zo: mai gonar ya duba layinsa. Na sake rubutawa, wannan karon ba faɗa, roƙo zalla. Amsar dai ita ce, sai sunan mai sa hannu da ke canzawa, kuma a ƙarshen kowace suna mini fatan jin daɗin wasa. Ta ƙarshe ce kawai ta ƙara wani abu, wai a dokarsu ba a gadon gona.

Mai rumfa ne ya ce in gwada kiran lambar, don in layi ya daɗe a ajiye akan sayar wa wani. Na hau tudu da hantsi na danna lambar da na fi kowace haddacewa. Ta shiga. Har na gyara ɗankwali.

Mace ce ta ɗauka, ina jin tashin daka a bayanta. Na gaishe ta, na zayyana mata komai.

"Baiwar Allah, saƙo za ya shigo miki, lamba shida ce. Ki karanto mini ita kawai."

Sai ta ce:

"Allah shi jiƙan shi in gaskiya kike. Amma 'yar'uwa, haka aka yi ma ƙanwata, da kuka da komi, aka kwashe mata kuɗi. An ce kada a ba kowa lamba."

Ta kashe. Na sake kira, ta toshe ni. Na so in ji haushinta na kasa, don da ni ce ma abin da zan yi ke nan.

Wasan yana nan a salular. In na taɓa, ƙofar shiga kawai yake nuna mini. Ban taɓa ɗaukar hoton gonar ba, ban ga dalili ba a lokacin. Kwanan baya ina wanke-wanke na tsaya ina tunanin ko rijiyar tana dama da rumbun ne ko hagu, na kasa tunawa. Malam ya yi gaskiya, fari bai taɓa gonarsa ba. Mitata ce ta cinye ta.