Yadda Na Tuɓe Babbar Riga a Kan Abra

Ni dai kowa ya sani ba na tsoron ruwa. Na sha faɗa a majalisa cewa ina saurayi nakan haye kogin Wudil da rake a baki, in dawo hulata ba ta jiƙa ba. Da wannan bakin muka tashi da asuba daga masaukinmu a unguwar Hor Al Anz ta Dubai, ni da abokan tafiyata biyu, za mu Bur Dubai duba yadi. Muka sha shayi mai kauri da burodin Indiyawa, na zuba babbar rigata ta shadda, don 'yan kasuwa su san Alhaji ne ya zo.

Abra kwalekwale ne na katako mai inji da ke haye mashigin ruwa da mutane zuwa Bur Dubai, dirhami ɗaya ake biya. Abin da ba a gaya mini ba, ba shi da shinge. Benci ne a tsakiya, yatsun ƙafarka na leƙen ruwa. Muna barin gaɓa wani jirgin kaya ya wuce, igiyar ruwa ta ɗaga mu ta sauke. Na damƙe bencin da hannu biyu.

Kusa da ni wani Bature ne ɗan ƙasar Cek. Don in ɓoye tsorona na tambaye shi sana'arsa. Ya ce nutso yake yi, yana gyaran ƙarƙashin jirage, a yarensu ana ce wa mai wannan sana'a potápěč. Asalin kalmar, in ji shi, "top" ne, tsohon tushe na kakanninsu Silabawa, ma'anarsa nutsarwa. Rashawa da mutanen Poland ma da shi suke faɗin mutum ya nutse. Ƙarshenta kuma mai aikin yake nunawa, kamar maƙeri daga ƙira.

"Mu dai mukan fito," ya ce, yana murza gefen rigata. "Wannan kuwa in ta sha ruwa, ƙasa za ta yi da kai."

Ban san lokacin da na tuɓe ta ba, har da 'yar ciki. Na rungume ginshiƙin rumfar kwalekwalen daga ni sai singileti, ina salati, ina tuna 'ya'yana ɗaya bayan ɗaya. Sai da matuƙin ya taɓa ni: "Khalas, habibi," wato shi ke nan, mun iso. Tafiyar minti biyar ce.

Komawa na ce sai tasi. Direban ya bi da mu ta rami, ƙarƙashin wannan ruwan dai.

Na koyi cewa babbar riga ta tudu ce. Na iso Kano na tarar abokan nan sun riga ni da bidiyo. Mai ɗakina ta ajiye mini tuwo, ta ce, "Alhaji, kogin Wudil ɗin nan, da rani ka haye shi ko?"