Yinin da na yi a rumbun su Dije

Kafin ka danna hoton mai kuka ka wuce, tsaya ka karanta har ƙarshe. Akwai abin dariya a ciki, ba zan hana kowa ba, amma wanda ya yi dariya ya tafi bai yi addu'a ba, ya san bai kyauta ba. Ku kuma 'ya'yana, na san kuna leƙa shafin nan a ɓoye. Yau ku karanta a fili.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan ina dama koko 'yar Dije ta kira ni daga Gashuwa. Muryarta kawai na ji na ajiye ludayi. Allah ya yi wa Dije rasuwa bayan sallar asuba.

Dije ƙawata ce tun ajin farko na sakandare a nan Nguru. Gadonta na sama, nawa na ƙasa. Yau shekara talatin da wani abu.

Da na faɗa wa yara a tsakar gida, babbar 'yata Fanna ta ce, "Allah ya jiƙanta. Mama, wace Dijen? Mai aiko mana da kifi?"

Na juya kawai. Na shigo ɗaki na turo ƙofa, har yanzu ina ciki ina jiran maigidana Alhaji ya kawo mota. Yaran nan ba su taɓa ganin hawayena ba, kuma ban san ta inda zan fara nuna musu yau ba. Ba laifin Fanna ba ne da ba ta san Dije ba. Aikina ne.

Duk wanda ya san gidana ya san ba a zaman banza a cikinsa. Wanda bai yi shara ba, ba ya karyawa. Kuma kullum da abin da nake rufe faɗa da shi: ni da nake kamarku ban taɓa gudun aiki ba. Na maimaita shi har yaran suna motsa baki tare da ni.

Mutum ɗaya ce ta rage a duniya da ta san ƙarya ne.

A makaranta, duk ranar yankan ciyawa Dije ce ke gama nata kason ta dawo ta yi nawa, ni kuma in yi mata lissafi. Lissafin ma rabi ba daidai ba, amma ba ta taɓa ƙorafi ba.

Mun yi hutun damina na aji uku, mahaifina ya yarda in bi ta garinsu, Katuzu. Na taɓa zuwa sau ɗaya bayan girbi, lokacin da babu abin yi sai ci da hira. A zuwan nan na ga babanta ya hau tsani ya buɗe rumbu, ya miƙa hannu kawai ya ciro damin gero, don hatsi ya cika har wuya. Sai na riƙe a raina cewa haka rumbu yake kullum.

Wannan karon ciyawar shinkafa na tarar ana cirewa a fadama. Ranar farko na shiga ruwa har ƙwauri, ban daɗe ba matsattsaku biyu suka kama ni. Ihun da na yi, har masu kamun kifi a nesa sai da suka ɗago. Matan wurin suka yi ta magana da yarensu na Badanci suna dariya. Ban ji ko kalma ɗaya ba, amma na san ba yabona suke yi ba.

Washegari na yanke shawara ba zan koma ba. Ba zan ce ba ni da lafiya ba, don innarta tana da wani jiƙo mai ɗaci da take ba duk wanda ya yi tari. Sai na ga an ɗage jinkar rumbu don ya sha iska, ga tsani a jingine.

Na cire silifas ɗina na jera su a gefe, kamar mai shiga ɗakin surukai. Na hau, na zura ƙafa, na saki hannu.

Ku 'yan birni, ku ji wannan ku riƙe: da damina rumbu ba ya cike. Rabin shekara ana ci daga cikinsa.

Sai da na kai ƙasa. Na miƙe, na ɗaga hannu, bakin rumbun yana can sama, bangon kuma sumul, ba inda ƙafa za ta kama. Ina jin su suna kiran sunana, na yi shiru, har suka ɗauka na riga su tafiya.

Can hadari ya haɗo. Na ji takun Baba, mahaifin Dije, na ji ya hau, ya mayar da jinka ya ɗaure, ya ɗauke tsani. Yana daf da ni. Da na ce "Baba" sau ɗaya da an gama. Kunya ta toshe mini baki.

Daga hantsi har la'asar ina cikin duhu. Zafi, ƙishirwa, warin tsohon gero, ga wani abu yana ta kai-komo a kan ƙafata. Sauran abin da ya matse ni ba zan rubuta ba. Na yi alkawura ga Allah a ranar waɗanda har yau ban gama cikawa ba.

Da suka dawo, Dije ce ta ga silifas. Ta ƙwanƙwasa bangon rumbu a hankali ta ce, "Salamu alaikum masu gida. Ko 'yar birni tana ciki?"

Na roƙe ta kada ta kira kowa. Ta ce ita kaɗai ba za ta iya ɗaga jinka ba, kuma ba za ta motsa ba sai na ce "ni Yagana raguwa ce" sau uku. Na faɗa. Ta ce na biyun bai fito da kyau ba, in sake.

Babanta kaɗai ta kira. Ya zuro igiya ya jawo ni, ga ƙaiƙayi har cikin gashin ido. Ya dube ni ya ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yata, kin duba mana abin da ya rage. Zai kai mu kaka?" Na ce zai kai. Mutanen gida aka ce musu ɓata na yi a hanyar fadama. Allah ya jiƙan Baba shi ma.

Dije ta riƙe wannan magana. Ba ta faɗa a makaranta ba, ba ta faɗa wa Alhaji ba ko lokacin bikina, da ƙawaye ke tonon silili. Da na haifi Fanna, mahaifiyata ba ta da lafiya, Dije ta bar gidanta a Gashuwa ta zo ta yi mini wankan jego. Ita ke hura wuta, ita ke dama kunun kanwa. Duk shekara sai direba ya yi sallama da kwalin bandar kifi, an rubuta sunana da rubutunta mai karkata.

Abin ya lalace ne wata rana da ta zo mana kwana biyu, Fanna tana 'yar shekara bakwai. Ina yi wa yarinyar faɗa kan wanke-wanke, na kawo maganata ta kullum. Dije tana shan shayi, sai ya sarƙe ta. Da ta gama tari ta ce, "Ko a Katuzu?"

Abin da ta ce ke nan. Yaran suka juyo suna kallonta. Na kore su waje.

Daga ranar na fara tsoron ƙawata. Na ga kamar idan yaran nan suka ji, duk abin da na gina a gidan zai zube. Ba mu yi faɗa ba, da mun yi ma da ya fi, da an sasanta mu. Dabara na shiga yi. In ta ce za ta zo, sai in ce ni ma ina hanyar Gashuwa, mu haɗu can. In ta shigo Nguru, sai in tare ta a tasha ko a gidan biki. Yara kuwa suna makaranta, suna islamiyya, suna da jarrabawa. Shekara goma sha biyu ba ta sake kwana a gidana ba, kuma kifi bai taɓa fashi ba.

Sau da yawa na yi niyyar gyarawa. Amma kowace shekara maganar tana ƙara nauyi. Yaya zan zaunar da 'yan mata da samari in ce musu uwarsu ta daɗe tana yi musu ƙarya?

Ganinmu na ƙarshe, wata huɗu da suka wuce, ta zo ganin likita a nan. Ta rame, amma bakin yana nan. Na kai mata abinci a kula har asibiti. Ta ce an ce ta dawo da safe, ko za ta kwana wurina? Na ce ana yi mana fenti.

Ba a yi mana fenti.

Sai ta yi dariya ta ce, "Yagana, Baba ya rasu, rumbun ma ruwa ya cinye shi tuntuni. Ke kaɗai ce ba ki fito ba. Ki bar ni in ba yaran nan labari, su san uwarsu mutum ce."

Na ce mata wata rana. Ta kwana gidan wata 'yar garinsu. Da safe ban je tasha ba, don ina da baƙi.

To ga shi na ba da labarin da kaina, kuma na san bai kai yadda za ta ba da shi daɗi ba. Ita da har muryar Baba za ta kwaikwaya.

Iyaye mata 'yan'uwana, ban ce ku daina horo ba. Ni ma ba zan daina ba, lalaci ba abin ado ba ne, kuma yaron da aka bari ya yi yadda ya so shi zai fara zaginki. Amma ki yi horo da gaskiya. Duk ƙaryar da kika yi don yara su ji tsoronki, ke za ta tsare, kuma sai ta raba ki da wanda ya fi kowa saninki.

Ya Allah ka jiƙan Dije, ka yafe mata, ka yalwata kabarinta ka haskaka shi. Yadda ta rufa mini asiri, ka rufa mata nata ranar da babu mai rufawa sai kai. Ka ba 'ya'yanta haƙuri. Ni kuma ka yafe mini abin da na yi mata, don ban samu na roƙe ta ba.

Don Allah duk wanda ya karanta ya sa ta a addu'a, ko da Ƙulhuwallahu ƙafa ɗaya ce. Ba sai ka rubuta a ƙasa ba, ka yi tsakaninka da Allah.

Fanna, ke da ƙannenki ku sa kaya, dukanmu za mu tafi Gashuwa, ku gaishe da 'ya'yan Dije ku riƙe sunayensu. Kuma ga doka daga yau: duk wanda ya san ni tun ina yarinya, in ya shigo Nguru a gidan nan zai sauka, a ɗakina zai kwana. In ya fara ba da labari ku zauna ku ji har ya gama. Ba mai tashinku daga wurin, ko da ni ce.