Sunan Ukasha a Layi na Goma

Baba Illiyasu Hassumi mai gyaran fanka ne a wani lungu na unguwar Ainu Shams a Alƙahira, tafiyar minti goma daga tashar jirgin metro. Shagonsa bai fi faɗin tabarma biyu ba. Na san shi ne a bazarar da fankata ta daina juyawa, wani abokin ɗakina ya ce in kai masa, ai Bahaushe ne ɗan Damagaram. Na kai, ya gyara. Tun daga ranar nakan je in zauna bayan la'asar, domin na lura ba ya samun wanda zai yi wa Hausa sai jefi-jefi.

Ya zo Alƙahira karatu a shekarar 1988. Karatun bai ƙaru ba, jarrabawar nahawu ta kayar da shi har sau uku, shi kuma ya ji kunyar komawa gida hannu wofi. Ya koyi gyaran wuta a wajen wani Bamasare, ya zauna. Ya taɓa aure sau ɗaya, bai daɗe ba. Iyayensa sun rasu yana nan. Idan ɗalibai suka tambaye shi yaushe zai koma, sai ya ce, "Wajen wa?" ya ci gaba da naɗa waya.

A ƙarshen shagon, bayan tulin fankoki da duwatsun guga, akwai wani dogon akwatin katako da ya kai tsayin mutum, an rufe shi da tsohon zanen gado. Akwatin gem ne irin na da, wanda ake jefa wa tsabar kuɗi a tsaya a buga. Yana da gilashi kamar na talabijin, da sandar tuƙi mai jan kai, da maɓalli biyu da yatsu suka goge fentinsu. Rubutun da ke goshinsa na Japan ne, ba mai iya karantawa. Yaran Masar suna ce masa Asfura, wato tsuntsuwa da Larabci, Baba kuwa Tsuntsuwa yake cewa, saboda ɗan jirgin rawaya da ake tuƙawa tsakanin duwatsu ana kauce wa harbi.

A wani gidan shayi na unguwar Darrasa akwatin yake a da. A nan Baba da abokinsa Ukasha, ɗan Katsina, suke tsayawa in sun fito darasi. Ɗaki ɗaya suka zauna shekara biyar, kwano ɗaya, bargo ɗaya in sanyi ya yi. Baba ya ce Ukasha ya fi shi karatu, ya fi shi surutu, ya kuma fi shi hannu a Tsuntsuwa. Wata rana Baba ya tafi layin sabunta iƙama, takardar izinin zama, Ukasha ya buga shi kaɗai, ya ci maki dubu tamanin da bakwai da ɗari huɗu. Akwatin yakan riƙe sunayen mutum goma da suka fi kowa maki, harafi uku-uku. Ukasha ya rubuta UKA. Da yamma ya tare Baba da labari, wai bayan duwatsun akwai teku, shuɗi, da ƙananan jiragen ruwa, har kiɗan ma yakan canja. Baba ya ce ƙarya yake, ya yi ta tsokanarsa da Sarkin Teku har ranar da ya raka shi filin jirgi zai tafi hutu.

Ukasha bai dawo ba. Zazzaɓi ya kama shi a gida, kwana shida. Wasiƙar ta iso wata huɗu bayan an binne shi.

Baba ya ce ya yi shekara biyu bai bi ta gaban gidan shayin ba. Da ya koma, ya tarar gilashin akwatin ya mutu, an tura shi cikin sito. Ya gyara wa mai wurin firji da fankoki, shi kuma ya bar masa akwatin, aka ɗauko a keken jaki. Wata uku yana neman kayan gyara a kasuwar tsofaffin rediyo. Ranar da gilashin ya kawo haske, ya ga sunayen nan goma suna nan. Yara sun yi ta ture Ukasha ƙasa, amma bai fita ba. Yana layi na goma, na ƙarshe. Duk wanda ya wuce makinsa, ko da ɗaya ne, zai fitar da shi.

Ba shi da hoton Ukasha. Wasiƙar ma ta ɓata a wata ƙaura.

Wani ɗan batir ne a cikin akwatin yake riƙe sunayen in an ɗauke wuta. Duk bayan shekara biyar Baba yakan canja shi akwatin yana kunne, da dalma mai zafi a hannu, domin in aka cire batirin a kashe komai zai goge. Kuma kullum bayan la'asar yakan yaye zanen, ya jefa wata tsohuwar tsaba da yake fitarwa ta ƙofar baya ya sake jefawa, ya buga sau ɗaya. Na sha kallonsa. Ko harbi ɗaya ba ya taɓa shi. Amma da zarar maki ya kai dubu tamanin da biyar, sai ya karkata sandar ya kai jirgin ya daki dutse, har rayukansa uku su ƙare. Shekara kusan talatin haka yake yi. Yaran lungu sun ɗauka nan ne iyakar iyawarsa, kuma ba ya barin kowa ya taɓa.

Wata Talata muna zaune wani Bamasare ya tsaya a bakin shagon, da tabarau da jakar goyo. Ya ce sunansa Jamal, injiniya ne, yana tara irin waɗannan akwatuna a garejin gidansu. Wani da ya kawo gyara ne ya ɗauki hoto ya sa a intanet. Jamal ya ce kamfanin da ya ƙera wannan ya rushe tun da daɗewa, kaɗan aka yi, shi shekara goma sha ɗaya yana nema bai taɓa ganinsa da ido ba. Baba ya ba shi kujera, ya dafa masa shayi da na'ana'a. Jamal ya nemi ya saya, Baba ya ce ba na sayarwa ba ne. Jamal bai matsa ba. Ya tashi ya tsaya gaban akwatin yana shafa gefensa, ya ce mahaifinsa ya taɓa ba shi labarin irinsa a Iskandariyya.

Masarawa suna da wata ɗabi'a. In baƙo ya yaba abinka, sai ka ce masa itfaddal, wato bismilla. Shi kuma ya san ba da gaske ba ne, ya ɗora hannu a ƙirji ya yi godiya, a wuce wurin. Baba ya daɗe a ƙasar har abin ya zama masa jiki. Bakinsa ya riga shi.

"Itfaddal, ya bashmuhandis," wato bismilla, injiniya.

Jamal ya san ɗabi'ar sarai, ƙasarsu ce. Amma shekara goma sha ɗaya ba wasa ba ce. Ya ce, "Sau ɗaya kawai, ya Ammu, baffana. Allah ya ƙara girma." Ya miƙa hannu, Baba ya sa masa tsabar.

Cikin minti biyar na gane ya iya. Ya wuce dubu talatin bai rasa rai ko ɗaya ba. Na dubi Baba. Soket ɗin akwatin yana daidai gwiwarsa, da ya zare filogi da wasan ya mutu, sunayen kuma suna nan. Na ga hannunsa ya sauka har kusa, ya tsaya. Na buɗe baki zan yi magana, ya girgiza mini kai. Daga baya ya gaya mini cewa mutumin ya sha shayinsa, shi kuma da bakinsa ya ce bismilla. A gidansu ba a karɓe kwano a gaban baƙo.

Da maki ya kai dubu tamanin da biyar, Baba ya juya wa akwatin baya, ya ɗauki wata fanka yana kwance kusar da ba ta buƙatar kwancewa. Sai kiɗan ya canja.

Wasan Jamal ya ƙare a dubu casa'in da shida. Ya juyo yana dariya da gumi a goshi, ya ga fuskokinmu, dariyar ta tsaya. Na gaya masa a taƙaice da ɗan Larabcina. Ya cire tabarau. Akwatin yana jiran haruffa uku, daƙiƙoƙi suna raguwa a kusurwa. Ya ce zai rubuta UKA.

Baba ya ce, "A'a. Ba shi ya ci ba. Rubuta naka, ɗana."

Jamal ya rubuta, sunan Ukasha ya fita daga layi na goma. Ya yi ta cewa ma'alish, a yi haƙuri, har bakin titi, Baba yana ce masa khalas, ba komai, ya gaida gida. Baba ya dawo ya rufe akwatin da zane. Ya ce mini yau zai tashi da wuri.

Kwana tara bai yaye zanen ba. Ina zuwa, muna hirar tsadar burodi da zafin bana. Ban gaya masa abin da na gani a gilashin ba, shi ma bai tambaya ba.

Ranar Alhamis ta biyu, bayan la'asar, ya tashi ya yaye. Ya jefa tsabar. Ya wuce duwatsun da ya sani kamar lungun gidansu. A dubu tamanin da biyar na ga hannunsa ya ɗan karkata don sabo, sai ya mayar da shi. Duwatsun suka yi ƙasa, suka ƙare. Gilashin ya cika da shuɗi, ga ƙananan jiragen ruwa farare suna tafiya a jere.

Bai kauce wa komai ba. Ya saki sandar yana kallo, harbi ya samu jirginsa sau uku.

"Malam Lawal," ya ce, bai juyo ba. "Ashe da tekun."

Na ce akwai, Baba.

"Har filin jirgi ina ce masa maƙaryaci. Yana dariya, yana cewa in ya dawo zai nuna mini."

Makinsa ya isa layi na goma, akwatin ya nemi haruffa. Ya tsaya hannuwansa a gefe har daƙiƙoƙin suka ƙare, akwatin ya cike gurbin da ɗigo uku. Wata mata ta leƙo da dutsen guga a leda, tana tambaya ko zai samu kafin gobe. Baba ya goge fuska da hannun riga, ya ce mata ta ajiye a nan, zai duba.